Bayan Addu'a, Wa Zai Tambayi Abin da Ya Kashe Likita?

A ƙarshen watan Disamba na 2019 aka kai wata mata mai ciki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, rai a hannun Allah. Likitocin da ke bakin aiki suka yi abin da aka koya musu, suka shiga da ita ɗakin tiyata. Matar ba ta tashi ba. Kafin watan Janairu na 2020 ya ƙare, biyu daga cikin likitocin da suka tsaya a kanta sun bi ta: ƙwararren likita mai sa barci lokacin tiyata, da wata matashiya wadda ba ta daɗe da fitowa daga jami'a ba, tana cikin shekararta ta sanin makamar aiki. Sai daga baya aka tabbatar da cewa zazzaɓin Lassa ne.

Wannan cuta ta daɗe tana cin masu magani. Tun da aka gano ta a 1969 a garin Lassa da ke Borno, waɗanda ta fara kashewa malaman jinya ne, kuma a 1970 ta kashe Dakta Jeanette Troup a Jos, bayan likitar ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Ɓera ke ɗauke da ita, amma a asibiti ta jini da sauran ruwan jikin majinyaci take bi. A kwanakin farko ba ka raba ta da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, ga shi kuma ta fi muni ga mai tsohon ciki. Likitan da aka kawo wa mace tana naƙuda tana zubar da jini ba shi da sukunin jiran sakamakon gwaji, balle a wancan lokacin da ɗakunan gwajin cutar suke Abuja da Legas da Irrua da Owo da Abakaliki, babu ko ɗaya a arewa maso yamma. A shekarar 2020 kaɗai an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 1,000 a Najeriya, sama da 200 suka rasu.

Mu Musulmi ba mu jinkirta gawa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar ya kwanta a makwancinsa. Daga nan sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a jera butoci, mutane su yi ta zuwa rukuni-rukuni. Kowa ya tsuguna, a ɗaga hannu, a shafa. “Ya haƙuri?” “Haƙuri da godiya.” “Allah shi jiƙan shi da rahama, in tamu ta zo shi sa mu cika da imani.” Wani ya tashi, wani ya zauna. Kwana uku ana haka, sai a naɗe tabarmi. Ina ƙaunar wannan tsari har cikin raina. Ba ya bambanta mai kuɗi da talaka, ba ya ɗora wa masu rashi nauyin jawabi, kuma yana mai da hankalin kowa ga Wanda ya bayar ya karɓa. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar nan a matsayin mai karɓar gaisuwa ya san irin sanyin da takan sa a zuciya.

Amma akwai maganar da tabarmar makoki ba ta da gurbinta. Tsohuwa ta hau babur tun daga ƙauye ta zo gidan likitan da ya rasu, ta shiga wajen mata ta durƙusa gaban uwarsa, ta ce, “Inna, ɗanki shi yat tsaya ma ɗiyata daren da jini yaɓ ɓalle mata.” Mata uku ko huɗu ne za su ji, a share hawaye, wasu baƙin su shigo, maganar ta bi iska. Abokan aikinsa kuwa, waɗanda suka san ainihin abin da ya faru a ɗakin tiyata ko a kan hanya, ba za su buɗe baki ba, domin wurin ba na wannan ba ne, kuma daidai suka yi. Sai a tashi an yi wa mamaci addu'a, ba a san me aka rasa ba, ba a kuma san ta wace ƙofa aka rasa shi ba.

A 'yan shekarun nan, 'yan ajin marigayi da ƙungiyoyin likitoci sun fara shirya wani zama na daban bayan an share makoki. A taru a ɗakin taro na asibiti ko na makaranta, a buɗe da addu'a, malamansa da abokansa su faɗi abin da suka sani na halinsa da aikinsa, wani lokaci a tara wa iyalinsa abin da ya samu. An fi ganin haka a manyan birane. Ra'ayina shi ne yankuna irin namu, Tambuwal da Kebbe, sun fi Kano da Abuja buƙatar irin wannan zama, da sharaɗin a san abin da za a faɗa a cikinsa.

A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Tambuwal tana da mutum kusan 225,000, Kebbe kuma kusan 125,000. Yau sun haura haka nesa ba kusa ba. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru suke, tafiyar kusan kilomita ɗari ce ta Shagari da Boɗinga. Wanda ya taso daga ƙauyukan Kuchi da ke Kebbe sai ya fara shan wahalar fitowa bakin titi tukuna. Mace mai jijjiga ko wadda mahaifa ta fashe mata ba ta da wannan lokacin. Rayuwarta tana hannun wanda ta tarar a babban asibitin ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa wanda za ta tarar ɗin yaro ne matashi, wani ma ɗan hidimar ƙasa ne da aka turo daga wata jiha, yana koyon Hausa a bakin majinyata.

Mu dubi abin da ake kashewa kafin a samu yaron nan. Shekara shida a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba, kuma wane ɗalibi ne a ƙasar nan ya gama bai ɗanɗani yajin aiki ba? Shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Kafin wannan akwai firamare da sakandare, akwai uban da ya sayar da buhunan gero da albasa, wani har da saniya, akwai uwar da ta ɓalle adashinta ta sayi littafi guda mai tsadar da ta fi kuɗin abincin wata. A birni in likita ɗaya ya faɗi, akwai na kusa da zai riƙe ɗakin kafin a samo wani. A wajenmu in ya faɗi, ɗakin tiyata kan rufe ne, a koma cewa mutane “sai ku wuce Sakkwato,” wasu kuma su nufi Jega ko Birnin Kebbi. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar nan kusan 55,000 ne, kuma 15,000 zuwa 16,000 sun fice waje cikin shekara biyar. Mafi yawan waɗanda suka rage suna Legas da Abuja da sauran manyan birane. Wanda ya yarda ya zauna a Kebbe ko Dogon Daji, alhali 'yan ajinsa suna Saudiyya da Ingila suna turo masa hotuna, ya yi wa jama'a kyautar da ba kowa ke iya yi ba.

Duk wanda ya taɓa jinyar wani da dare a asibitin karkara ya san yadda abin yake. Ƙarfe biyu na dare a ƙwanƙwasa wa likita ƙofa. Ya fito da silifas, ido jajir, don tun safe yake ganin marasa lafiya. Ya duba matar, ya rubuta takarda ya miƙa wa mijinta: safar hannu, ruwan ƙari, allurai, zaren ɗinki. Mijin ya ruga ya tada mai kemis daga barci, ya dawo da rabin abin da aka rubuta don kuɗinsa iya nan suka tsaya. “Likita, ka yi ma Allah ka taimaka muna, wallahi shi ke nan abin da ag gare ni.” Likitan ya dubi safar hannu guda biyu, ya san aikin na buƙatar fiye da haka, ya dubi matar, ya ce a shiga da ita. Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, janareta ba mai, ungozoma ta kunna fitilar wayarta ta haska masa. Babu tabarau na kariya, babu rigar leda, jini ya fantsamo masa a fuska ya goge da kafaɗa ya ci gaba. Da asuba jariri ya yi kuka, dangi suka yi ta sa albarka. Ba wanda ya san abin da ke cikin jinin nan, har shi likitan, sai bayan mako biyu ko uku in zazzaɓi ya rufe shi.

Ga kuma annobar da ke zagayo mu lokaci-lokaci. Sanƙarau na 2017 ya kama mutum sama da 14,000, ya kashe fiye da 1,100, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Amai da gudawa na 2021 ya kashe sama da 3,500 a faɗin ƙasa. A watan Maris na 2025 sanƙarau ya sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, maƙwabtanmu na jiki. Duk ranar da irin wannan ta taso, kowa yana ja da baya ne, ma'aikacin lafiya shi ke matsawa gaba.

Na san akwai masu ƙyamar taron tunawa da mamaci, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba. Suna cewa shari'a ta iyakance makoki ga kwana uku, in ban da matar da ke takaba, don haka sake tara mutane tada mikin da ya fara warkewa ne. Suna cewa al'adar wasu ce aka kwaso, da kunna kyandir da baƙaƙen kaya da yin shiru na minti ɗaya. Suna cewa mamaci addu'a yake buƙata, yabo ba ya ƙara masa komai a kabari. Akwai gaskiya a cikin wannan. Na yarda a bar kyandir, a bar anko, a bar buga hoton marigayi a jikin riguna, a bar dafa abincin da kuɗinsa zai biya wa marayunsa makaranta shekara guda. Saɓanin malamai kan sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa ya girme ni, na bar wa masu shi. Abin da nake magana a kai zama ne na aiki, irin wanda ma'aikata kan yi in babban abu ya faru a wurin aikinsu, ba ibada ce ake ƙirƙira ba.

Batun cewa ambaton alherin mamaci baƙon abu ne, wannan kam mutumin Sakkwato bai kamata ya faɗe shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar mana marsiyyoyi masu yawa. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Buhari, wanda tarihin garin Tambuwal ke haɗe da sunansa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta tsaya kan manya ba. Akwai marsiyyar da ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, wadda ba sarauniya ba ce, ba kuma matar sarki ba, aikinta koyar da mata da zuwa wajen masu naƙuda da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Asma'u ta ga ya dace a rubuta wannan, a rera shi, mata su haddace, don na baya su san irin halin da ake so. Shi kansa Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Gidan da ya ɗauki lafiyar jama'a da wannan daraja, ya kuma ɗauki mai karɓar haihuwa a matsayin wadda ta cancanci marsiyya, jikokinsa ba su da dalilin jin kunyar taruwa su faɗi alherin yaron da ya mutu yana yi musu magani. Hadisi ma ya zo da labarin gawar da aka wuce da ita sahabbai suka yabe ta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki yabon nasu a matsayin shaida.

Sai dai in yabo kaɗai za a yi a watse, ni ma ina tare da masu cewa a bari. Wurin da na fi so mu tsaya shi ne kalmar da muke rufe kowace magana da ita: kwana ya ƙare. Gaskiya ce, babu mai musunta. Ba wanda zai wuce ajalinsa da daƙiƙa ɗaya, kuma muna kyautata zaton wanda annoba ta kashe yana cikin waɗanda aka yi wa bushara da shahada. Amma imani da ajali bai taɓa hana Musulmi tambayar sababi ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara yake yi, Umar ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annobar nan ta Amwas ta ɗauki Abu Ubaida, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal yana da shekara talatin da 'yan kai. Ba wanda ya ce imanin Umar ya yi rauni don ya kare mutanensa. To, don me mu in an tambayi ko akwai safar hannu a ɗakin da likita ya kamu da cuta, sai a ce mutum bai yarda da ƙaddara ba? Sau da yawa mai saurin faɗin haka shi ne wanda sayen safar ke wuyansa.

Wannan ce tambayar da taron tunawa zai iya ɗauka, tabarmar makoki ba za ta iya ba. A wurin akwai shugaban asibiti, akwai wakilin ma'aikatar lafiya, akwai shugaban ƙaramar hukuma, akwai hakimi, akwai reshen jiha na Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya. Sai wani daga cikin abokan aikin marigayi ya tashi, cikin ladabi, ba da zagi ba, ya faɗi yadda abin ya faru daki-daki. Awa nawa ya yi a tsaye kafin ya kama hanyar da ya yi haɗari? Kwana nawa ya yi yana zazzaɓi kafin a ɗauki jininsa, kuma kwana nawa sakamakon ya yi a hanya? Maganin ribabirin da ake ba masu Lassa, wanda amfaninsa ya fi yawa in an fara shi da wuri, akwai shi a kusa ko sai da aka aika nema? Waɗanda suka yi aiki tare da shi a daren, an bi su an duba lafiyarsu? Wannan ba tonon asiri ba ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma masu gemun suna nan zaune a ɗakin, gobe su ne za su shiga tiyata.

A Legas an ga misalin abin da shiru ke jawowa. Ranar 1 ga Agusta 2023, na'urar hawa bene ta gidan kwanan likitoci a Babban Asibitin Odan ta tsinke da wata matashiyar likita, saura mata 'yan makonni ta gama sanin makamar aiki. Bayan rasuwarta abokan aikinta suka fito suka ce sun daɗe suna kuka da na'urar. Da ba su yi magana ba, da an ce tsautsayi ne an wuce wurin. A Kaduna kuma, a watan Disamba na 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikata na Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa suka ɗauke wata likita, ta yi wata goma a hannunsu. Mu da dazuzzukanmu suka haɗe da na Zamfara ba sai an yi mana bayanin wannan fargaba ba.

Sannan a yi maganar kuɗi, ko da ana jin nauyinta. Shekara da shekaru alawus ɗin kasada da ake ba likita a Najeriya naira 5,000 ne a wata. Wannan ne abin da ake biyan likitocin nan biyu na Kano lokacin da suka shiga tiyatar da ta zama ajalinsu. Sai a watan Disamba na 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa tsakanin 32,000 da 40,000 ga likitocinta, kuma kowa ya san abin da tsadar rayuwa ta yi wa wannan adadi daga lokacin zuwa yau. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Akwai kuma dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya mutu a dalilin aikinsa. A gaban jama'a ya kamata a tambayi hukuma: likitan da jiha ta ɗauka ta turo Kebbe yana da irin wannan kariya? In yana da ita, yaushe za ta isa hannun magada? Domin abin da muka saba gani shi ne yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta fita takaba da goyo a baya, ta shiga zarya tsakanin ofisoshi da fayil a hannu, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce a kawo takardar kotu, har ta gaji ta bar wa Allah. Ranar jana'iza kuwa manya sun zo da jerin motoci sun ce ɗansu ne.

Wanda yake son ganin abin da tunawa ta gari ke haifarwa ya dubi Dakta Ameyo Stella Adadevoh. Ita ba matashiya ba ce, amma darasin ɗaya ne. A watan Yuli na 2014 ta hana Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, fita daga asibitin da take aiki a Legas, duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Cutar ta tsaya kan mutum 20 a Najeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta fita daga annobar. Danginta suka kafa gidauniya da sunanta, DRASA, wadda aikinta horar da ma'aikatan lafiya da ɗalibai yadda za su kare kansu daga kamuwa da cuta. A harshen addininmu wannan shi ne sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi, waɗanda ladansu ke bin mutum har kabari. Ba sai muna da kuɗin mutanen Legas ba. 'Yan kasuwar Tambuwal da ma'aikatanmu da ke Sakkwato da Abuja za su iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga yankin har ƙarshen karatun likita da sunan marigayi. Za su iya sa wa ɗakin haihuwa wutar sola. Za su iya ajiye kwalayen safar hannu da takunkumi a hannun amintaccen mutum, don kada a sake tada mai kemis ƙarfe biyu na dare.

Ina roƙon masu shirya irin wannan zama su kula da wanda suke ba abin magana. Kada a cika jadawali da manyan baƙi waɗanda ba su taɓa ganin marigayi ba sai a hoton da ke jikin takardar gayyata, kada kuma a bar 'yan siyasa su mai da wurin dandalin yaƙin neman zaɓe. A yi shi a garin da ya yi aiki, da Hausa, a lokacin da mutanen ƙauye za su iya zuwa su koma. A ba tsohuwar nan dama ta faɗi abin da ta faɗa wa uwarsa, in tana jin nauyi wata ta faɗa a madadinta. A ba ungozomar da ta riƙe masa fitila. Yaran sakandare su zo su saurara, musamman 'yan mata, domin a yankin da mata da yawa ke jinkirin zuwa asibiti don gudun namiji ya duba su, yarinya ɗaya da ta fita daga ɗakin da niyyar zama likita ta biya wahalar taron. Kuma kada a manta ba likita kaɗai ke mutuwa ba. Malaman jinya, masu gwajin jini, masu shara da wankin zannuwan gado, direban motar asibiti, duk jini ɗaya suke taɓawa, kuma nasu rashin ko jarida ba ta ɗauka. In an ambaci likita, a ambace su da sunayensu.

A 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da cewa ma'aikatan lafiya da ta ɗauki nauyin karatunsu za su yi shekara biyu suna aiki a karkara, da ɗan ƙari a kan albashinsu. Na yi murna da wannan, domin mu ne za mu amfana. Amma yana nufin matasa da yawa za su zo garuruwanmu, 'ya'yan wasu, waɗanda iyayensu za su riƙa kwana da waya a kusa da kai. Wanda ya tura yaro wuri, kare shi ya hau kansa, mu da aka kawo wa shi kuma amana ce a hannunmu: gidan da zai kwana da katanga da ƙofa mai kulle, ruwa da wuta, abokin aiki na biyu don ya samu ya runtsa, da jama'ar gari da ba za su ɗaga masa hannu ba ranar da majinyaci ya cika a gabansa.

In kuma Allah ya ƙaddara ɗayansu ya faɗi a hannunmu, kada a tashi daga taron tunawa da shi sai an rubuta abu biyu a takarda, wakilin ma'aikatar lafiya ya sa hannu, hakimi ya riƙe kwafi, ƙungiyar likitoci ta riƙe kwafi: ranar da za a biya iyalinsa haƙƙinsu, da ranar da wanda zai maye gurbinsa zai kama aiki. Duka biyun kada su wuce kwana arba'in daga ranar taron. In ranar ta zo ba a cika ba, waɗanda suka sa hannu a matsayin shaidu su ɗauki takardar su tafi Sakkwato da ƙafarsu.